Rijiyar Inna da Shaidu Shida

Shekarar da Inna ta rasu, Baba ya kwashe albasar da ya noma kaf ya sayar, ya kira masu haƙar rijiya daga Goronyo. A ƙofar gidanmu suka haƙa ta, a ƙauyenmu da ke bakin fadama, in ka baro Wurno ka nufi Goronyo. Aka ɗaure ta da siminti, aka yi mata murfin ƙarfe, aka ajiye kwamin shayar da shanu a gefe. Baba ya ce sadaka ce, ladan na Inna ne. Sunan da ya bi ta ke nan, rijiyar Inna, har a bakin yaran da aka haifa bayan rasuwarta.

Ruwanta garai yake, ga sanyi ko da bazara. Matan unguwa su ɗiba, Fulani masu wucewa su shayar, masu dawowa daga lambu su wanke ƙafa su yi alwala. Bayan la'asar Baba yakan shimfiɗa buzunsa ƙarƙashin dalbejiya yana kallon guga na shiga yana fita. Ba mai yawan magana ba ne, amma na sha jin ya ce, "Duk kurɓin da anka yi, nata na."

Ni ce ɗiyarsa da ta yi boko. Ina koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata a Rabah, ina zuwa gida ƙarshen mako. Ina nan ranar da wasu ɗalibai suka zo daga wata jami'a cikin farar mota, da kwalabe da akwatin ƙanƙara, suka ce bincike suke yi kan ruwan sha. Baba da kansa ya ja musu guga, ya sa aka damo musu fura. Suka cika kwalabensu a rijiyarmu da wasu rijiyoyin ƙauyen, suka yi godiya, suka tafi. Shekaru suka shige, kowa ya manta da su.

Wata rana matar yayana ta kira ni a waya ta ce in zo gida. Na iske an shafa wa rijiyar jan fenti, gicciye babba a jikin simintin, murfin kuma an sa masa kwaɗo. Duba-gari ne ya zo daga ƙaramar hukuma, ya tara mutane, ya ce masana sun yi bincike sun buga a mujalla, an sami gubar dalma a ruwan ƙauyenmu. Duk rijiyar da ɗaliban nan suka taɓa ɗiba sai da ya shafa mata. Mutanenmu sun riga sun ji abin da dalma ta yi wa ƙananan yara a wasu garuruwa, don haka ba wanda ya tsaya tambaya. Washegari mata suka koma tafkin bayan gari, inda shanu ke shiga har gwiwa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, amma wannan bai dami kowa ba tunda ba a rubuta tafkin a takarda ba.

Na zaci zan iske Baba cikin fushi. Da ma fushin ne da sauƙi. Na iske shi a ɗaki, ya daina fita gindin dalbejiya, tuwon da aka kai masa na nan a rufe. Ya ce in zauna.

"Ke kinka yi karatu," ya ce. "In lada na kai mata, alhakin fa? Shi kau ina za shi?"

Na ce, "Baba, Allah na duba niyya."

Ya ce ya san wannan. Sai ya fara lissafa mini yaran da suka mutu a unguwar tun da aka haƙa rijiyar. Ɗan maƙwabcinmu da zazzaɓi ya ɗauke, jikar liman da ta yi ta suma, tagwayen da ba su kai yaye ba. Yaran da kowa ya san ajalinsu, aka yi zaman makoki aka tashi, shi yanzu ya tono su ɗaya bayan ɗaya ya jingina su ga rijiyar da ya haƙa da sunan matarsa. Na fita daga ɗakin zuciyata na tafasa.

Na fara da duba-garin, a ofishinsa a Wurno. Ba mugun mutum ba ne, na san gidansu. Ya jawo mini takarda fallen ɗaya da aka raba musu a wani taron bita a Sakkwato, shafin farko na binciken. Na ce ina sauran? Ya ce abin da aka ba su ke nan. Na ce ya karanta sauran? Ya ce, "Malama, wagga ba maganar kasuwa ba ta. Kafin a buga ta sai da wasu masana sunka tantance ta. Ni wane ne da zan ja da su? Rigakafi ya fi magani."

Wani tsohon abokin karatuna, wanda yanzu dakta ne a wannan fannin a wata makaranta daban, shi ya nemo mini takardar cikakkiya ya turo mini ta waya. Na buga ta, na zauna na karanta. Sunaye shida ne a samanta. Farkonta na gane shi sarai: yadda aka ɗebi ruwa, injin da aka gwada shi da shi. Sunan ƙauyenmu na ciki tare da na wasu. Amma rijiyoyin lamba aka sa musu, ba a faɗi wace ce ta wa ba. Wasu awonsu ya yi sama, wasu ƙasa. Daga nan aka haɗe su duka aka zuba cikin wani dogon lissafi, ya fito da wata lamba guda, aka ce wannan lambar ita ke nuna haɗari. Lissafin nan na yi ta juya shi ban gane shi ba. Ban ji kunya ba, ni malamar sakandare ce, ba fannina ba ne. Na ce bari in je wurin masu abin.

Farfesan da sunansa ke gaba ya karɓe ni da fara'a. Ofis mai sanyi, kafet har bango. Ya ji daɗi ƙwarai da ya ji takardarsa ta kai har ƙauye, ya ce irin abin da suke so ke nan, bincike ya amfani talaka. Na ajiye masa ita a kan tebur.

"Ranka ya daɗe, tambayata guda ce. Rijiyar mahaifina na cikin waɗannan. A sha ruwanta ko kada a sha?"

Ya ɗauka, ya gyara tabarau, ya buɗe shafi, ya koma baya. Ya kalle ta irin kallon da ake yi wa yaron da ya gaishe ka a kasuwa kana ta tunanin ɗan gidan wa ne. Can ya ce shi duba aikin ya yi daga sama, a matsayinsa na babba. Sha'anin lissafi kuwa sai in je in ga daktan da ke ƙarshen baranda.

Daktan ƙarshen baranda ya ce shi fanninsa ƙasar noma ce ba ruwa ba, motarsa dai aka shiga aka je ɗibar ruwan. Na uku ya ce Turancin takardar ya gyara. Na huɗu ya tafi ƙarin karatu waje. Na biyar mace ce, wata Hajiya mai sakin fuska, ita kaɗai ta ba ni kujera da ruwa, ita kaɗai kuma ta faɗa mini gaskiya ba kwana-kwana.

"Malama, ke ma ma'aikaciya ce, kin san yadda abin yake," ta ce. "Ba a ƙara wa mutum girma sai ya tara takardu. In na rubuta in sa sunansu, in sun rubuta su sa nawa. Adashi ne."

Dariya ta yi da ta faɗa. Na tambaye ta ko ta taɓa karanta wannan ɗin. Ta ce ta ga taƙaitaccen bayanin da ke sama. Na shidan kuwa, in ji ta, ɗalibin da sunansa ke can ƙarshe, shi ya gwada ruwan, shi ya yi lissafin, shi kaɗai ya san wace lamba ce rijiyar wa. Ya gama karatu ya tafi neman abinci, lambar wayarsa ba ta shiga, ba wanda ya san inda ya nufa.

Na ce, "Hajiya, a adashi kowa abin da ya zuba yake ɗauka. Ku kun zuba suna, kun ɗauki ƙarin girma, mu aka bari da rijiya a kulle. Akwai tsoho yana can bai ci abinci ba, yana ƙirga gawarwakin 'ya'yan mutane yana cewa shi ya kashe su."

Fuskarta ta sauya, ta ce wallahi ba ta san abin zai kai haka ba. Na yarda da ita. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Cikin su duka ba mai mugun nufi, ba wanda ya zauna ya ƙulla wa Baba sharri. Kawai ba wanda ya taɓa tsammanin za a karanta abin da suka rubuta a ɗauke shi da gaske.

Na wuce gidan abokin karatun nan nawa. Matarsa ta kawo mana kunun gyaɗa, shi kuma ya fara tsokana kamar yadda ya saba tun muna aji ɗaya, wai masifaffiyar ajinmu ta shigo gari, farfesoshi su ɓuya. Na ce, "Dakta, ajiye wasa. Kai fanninka ne. Karanta mini wannan da gaske."

Ya karanta da gaske, da biro a hannu, har kunun ya huce. Da ya kai wurin lissafin sai ya tsaya yana sosa ƙeya.

Ya ce, "Wannan kowa na amfani da shi. Ni ma na yi amfani da shi a takarduna."

"To fassara mini shi."

"Lambobi ake zubawa a kwamfuta ta ba da amsa."

"Na ji. Wa ya ƙirƙiro shi? Da jikin su wa aka auna? Mutanen da aka yi shi domin su, irin ruwan da muke sha a zafin nan suke sha?"

Ya ce bai taɓa bin diddigi ba. Ya gan shi a takardar wani, wanin nan ma a takardar wani ya gani. Na ce to ai an ce kafin a buga takarda sai masana sun tantance. Ya ce shi ma ana turo masa irinsu ya tantance. Yakan duba tsari, ya duba ko an bi hanyar da aka saba, ya duba ko maganar ƙarshe ta yi daidai da ta farko. Ga darasi, ga jarrabawa, ga taro, wa ke da lokacin sake lissafin wani? Na ce da wannan aka turo maka fa? Ya ce da ya sa mata hannu.

Ban taɓa jin tausayin mutum da haushinsa lokaci guda kamar ranar ba. Ya ce mini ilimi yanzu ya yi faɗi, ba mai iya riƙe shi duka, dole a yarda da juna. Na ce ban ƙi ba. Ni ma ina shiga mota ban san abin da ke cikin injinta ba. Amma ban taɓa rantsuwa a gaban mutane cewa ni na ƙera ta ba.

"Yanzu dai gaya mini," na ce. "Daga takardar nan, a sha ko kada a sha?"

"Daga takardar nan ba za a ce ko ɗaya ba. Ba ta yi maganar rijiyarku ita kaɗai ba."

Shi ya ba ni shawarar a sake gwada ruwan, ya kuma taimaka. Yayana ya roƙi duba-gari ya buɗe kwaɗon, muka cika kwalabe yadda Dakta ya koya mana, aka aika wani ɗakin gwaji mai nisa, don injin da ke kusa ya daɗe da lalacewa. Sakamakon ya dawo fallen takarda ɗaya da sa hannun mutum ɗaya. Dalmar da ke ruwan Inna ba ta kai yadda za ta cutar ba. A cikin motar haya na karanta, na yi ta hamdala har matar da ke kusa da ni ta tambaye ni ko haihuwa aka yi.

Duba-gari ya duba ya maido mini da ita. Ya ce wannan ba a tantance ta ba, waccan kuwa an tantance. In ya goge fenti gobe wani yaro ya kwanta, wa za a kama? Sai dai masu binciken su rubuto masa. Na koma wurin Farfesa. Ya ce ba a janye takardar da aka buga haka kawai, sai an yi sabon bincike, in an sami mai ɗaukar nauyi. Sai ya yi murmushi ya ƙara da cewa, tunda ina da sha'awar abin haka, in za a yi za su sa sunana a ciki. Na tashi na fita ban yi masa sallama ba, don na san abin da ke bakina in na buɗe shi.

Duk wannan bai karya mini gwiwa ba, saboda a ganina wanda ya fi muhimmanci shi ne Baba. In shi ya natsu, fenti ai fenti ne, mutanen unguwa in suka ga yana sha za su sha. Na zauna gabansa na karanta masa sakamakon, na fassara masa kalma kalma. Ya saurara har ƙarshe.

"Mutum nawa sunka sa hannu ga wagga?"

"Ɗaya, Baba."

"Waccan fa?"

"Shida."

"Da waɗanda sunka duba bayansu," in ji shi.

Sai a nan na gane inda muka dosa. Baba ya yi rayuwarsa yana shaida. Cinikin gona, ɗaurin aure, rabon gado, iyakar lambu, in ana neman wanda za a ce ya gani, shi ake kira. Bai taɓa dangwala yatsa a kan abin da idonsa bai gani ba, ya sha ɓatawa da dangi a kan haka. A wurinsa suna a kan takarda shaida ne, mai suna ya tsaya ya gani, kuma ya yarda a tambaye shi ranar lahira. Shaidu shida malamai, da wasu malaman a bayansu, a ce mutum ɗaya ya ture su? Ko gaban alƙalin ƙauye ba a yin haka.

Na kwashe komai na faɗa masa. Mai mota, mai gyaran Turanci, adashin Hajiya, ɗalibin da ya ɓace, lissafin da mai fannin kansa bai san asalinsa ba. Na ce, "Baba, ba shaidu shida ba ne. Ɗaya ne, shi ma ba a san inda yake ba."

Ban taɓa ganin ya ɓata mini rai kamar ranar ba.

"Kul," ya ce. "Naman malamai dahi na. Malami ya sa sunanshi ga abin da bai karanta ba? Mi kike son ki ce? Kina son rijiyar uwarki ta tsira, shi ya sa kike ɓata mutane. Ruwa ba ya tsami banza."

Na yi kuka, kuma ba don faɗan ba. Malaman da Baba ya sani na zaure ne, waɗanda in ka kai musu tambayar da ta fi ƙarfinsu za su ce maka ba su sani ba, je ka wurin wane. Girman da yake ba duk wanda aka kira malami, su suka gina shi, da wannan "ban sani ba" ɗin. Waɗannan kuwa sun zo sun iske girman a shimfiɗe sun hau sun zauna. Har yau ban ce duk masana haka suke ba, na san akwai masu tsoron Allah da ke kwana kan aikinsu. Amma na zaga ofis ofis da takarda guda, a fanninsu, da sunayensu a kai, ban sami wanda ya gane ta ba, kuma ba wanda ya yarda ya rubuta layi ɗaya ya ce bai gane ba. Layi ɗayan nan da ya ishi Baba.

Liman ya yi masa magana, yayana ya yi, Dakta ma ya zo har ƙauye ya durƙusa ya yi masa bayani. Baba ya yi masa godiya, ya ce shi ma mutum ɗaya ne, kuma abokin karatun ɗiyarsa ne. Ya ce kwaɗo ba ya hana yaro, wata rana wani zai fasa ya sha. Shi ba zai kwanta kabari ya bar abin da ake shakka a kansa yana gudana da sunan matarsa ba. Bayan an cire amfanin gona ya sa aka kira samarin unguwa da kwanduna da shebur.

Da hantsi aka taru. Mata suka tsaya daga nesa da jarkokinsu na ruwan tafki, mai launin kunu. Baba ya karɓi mabuɗi wurin duba-gari ya buɗe kwaɗon da kansa, ya zura guga, ya jawo shi a hankali yana hutawa. Ya tsuguna ya yi alwala. Sannan ya ɗaga gugan ya kafa kai ya sha, ya sha, ruwan na bin gemunsa.

Na ce, "Baba."

"Ni na tsufa, ba abin da za ta rage mini." Ya goge baki. "Da daɗi kau."

Shi ya zuba kwandon farko. Muka ji ƙasar ta faɗa ruwa can ƙasa, samari suka ci gaba. Ya koma gindin dalbejiya ya zauna, karo na farko tun ranar fenti, ya yafito ni da hannu. Fuskarsa ta saki, ban ga ta saki haka ba tun da abin ya fara.

"In kin koma wurin malaman nan," ya ce, "ki gaishe su, ki yi musu godiya. Ki ce Allah ya saka musu. Sun tsamo uwarki daga alhaki."

Na ce, "To, Baba."